Nauyin Baba

Tun da na dawo daga Kano ban gama ɗinkin takalmi ɗaya a rumfata ba sai wani ya leƙo ya ce, "Laminu, wai da gaske ƙarfe guda ka je saye har Najeriya?" Duk wanda na ba labarin sai ya tafi ya ƙara masa gishiri, har jiya na ji ana cewa inji na sayo mai tuƙa keke da kansa. To ga shi na rubuta yadda aka yi. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takardar in ci gaba da aikina.

Ni baduku ne a Birni, nan cikin Zindar. Babana kuwa wanzami ne a ƙauyenmu, gaba kaɗan da Damagaram Takaya, kuma shekara da shekaru a kan baƙin kekensa yake zagaya ƙauyuka yana aski. Ni ne ɗansa na fari. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakana na wajen uwa, shi ya koya mini dukanci. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube shi sosai ba. In na je gaisuwa durƙusawa nake yi, idona a kan takalminsa, wanda ni na ɗinka. Maganarmu duk ta bakin ƙanwata Rabi, wadda ta dawo gida tana kula da shi, take bi, ko da mu ukun muna tsakar gida ɗaya. Ya ce, "Rabi, tambayi wancan ya ya hanya." Ita kuma ta juyo ta tambaye ni, kamar ban ji ba.

Bana kun san yadda aka yi, gero yana cikin fitar da kai ruwa ya ɗauke bai sake dawowa ba. Tun daga nan duk wata nake aika buhun hatsi gida, hankalina kwance. Ana nan sai Rabi ta aiko mini cewa ciwon bayan Baba ya motsa, an kai shi wurin likita, likita ya ce ko dai ya bar hawa keke a kan wannan hanya mai gargada, ko kuwa kafin baɗi ya kwanta kwanciyar da ba tashi. Baba ya ce shi da kekensa sai kabari. Rabi ta ce in ban samo dabara ba za ta kwance ƙafar keken ta gaba ta jefa a rijiya, tunda dai rijiyar ba ta da wani aiki bana. Na san Rabi, za ta aikata. Na kuma san Baba, ran da aka raba shi da keken nan an gama da shi.

Dabarar ta zo ne da ƙafarta. Wani Bature mai yawon duniya a keke ya kawo mini jaka in gyara masa maɗauri. Da zai tafi ya hau, sai na ga sirdin ya nutsa ƙasa kaɗan ya dawo. Ya bi ta kan duwatsun lungunmu, keken na tsalle, shi kuwa yana zaune abinsa. Na bi shi da gudu na tsayar da shi. Ashe sandar da ke riƙe da sirdin ce ke da rasor a cikinta, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa ya dawo, ita ke shanye duk wani bugu kafin ya kai ga bayan mutum. Ya yi ta bayani da Faransanci, abin da na kama kawai shi ne "amortiser". Na zana hotonta a kan guntun fata. Mai gyaran keke na unguwar Kara-Kara ya juya zanen sama da ƙasa ya ce in ba Kano ba, inda ake sauke tsofaffin kekunan Turai, ba zan samu ba. Ya ce kuma in je da awon kaurin sandar, don ramin kowane keke da nasa.

Awon nan ma sata na yi. Na je ƙauye, na jira Baba ya tafi masallaci, na naɗa siririyar fata a jikin tsohuwar sandar, na yanke daidai, na sa a aljihu.

Na shiga bas ta hanyar Magariya da sassafe. Sai ku tuna irin jikina. Ni mutum ne da Allah ya yi wa tumbi, kuma ko azumi bai taɓa rage shi ba. A shekara irin ta bana, shiga mota da tumbi abin kunya ne. Motar cike take da mutanen ƙauye masu gangarawa kudu neman abin kaiwa baki, tsofaffi da mata da ƙullin kayansu, kowa ya bushe. Direba ya dube ni ya dubi kujera, ya tura ni can baya kusa da wata tsohuwa mai ƙwarya rufe da faifai. Tsohuwar ta daɗe tana kallon cikina, sannan ta ce, "Ɗana, a garinku an yi ruwa ke nan?"

Motar duka ta kwashe da dariya. Na ce, "Inna, wannan na bara ne, ajiya nake." Ta ce to in riƙe da kyau, bana ba a samun irinsa. Da rana ta yi ta buɗe ƙwaryar ta miƙo mini anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciyu. Na ci don kada ta ce na raina. Ina da kilishi a jaka, amma na kasa fito da shi a gaban mutane, sai da za ta sauka na tura mata shi cikin ƙullinta. A gefen hanya mun wuce shanu kwance da yawa, wasu ba za su ƙara tashi ba.

Kafin in bar gida kowa ya ja mini kunne a kan abu ɗaya: in na tsallaka iyaka kada in kuskura in ce wa ma'aikaci "mushe". A wurinmu girmamawa ce, a wurinsu kuwa dabbar da ta mutu ba yanka. Tun daga Magariya nake maimaita "ranka ya daɗe" a zuciyata. Da muka isa, wani dogon ma'aikaci ya karɓi takardata yana dubawa, na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, mushe."

Ya ɗago a hankali ya ce, "To zaɓi ɗaya. Ko raina ya daɗe, ko na mutu."

Na ce na zaɓi na farko. Ya miƙo mini takardata ya ce in wuce, ni ne na huɗu yau.

A Kano na sauka a Fagge wurin Kawu Isa, ƙanen mahaifiyata, wanda ke fataucin fatu. Ya ba ni ɗakin da yake ajiye kaya, na kwana uku a tsakanin ƙirgi, abin da bai dame ni ba tunda warin gida ne. Abin da ya dame ni gaisuwar mutanen garin. Mu nan in ka tare mutum sai ka tambayi gida da yara da gajiya da zafi, ka dawo ka sake tambayar gidan. A can kana cikin "ina kwana" mutum ya riga ya hau bayan babur ya ɓace. Burodinsu kuma ba irin namu dogo mai ƙarfi ba ne da za ka iya korar akuya da shi. Nasu laushi ne da zaƙi, in ka matsa shi sai ya dawo yadda yake. Na ce wa Kawu garin da burodinsa ma ke da rasor ba zan rasa abin da na zo nema ba. Ɗanwakensu dai na yaba, na ci har na ji kunyar tsohuwar nan mai anza.

Kwana biyu muna yawo a layin masu keke. In na ce "amortiser" sai a dube ni. In na ce "rasor" sai a ce in yi Hausa, alhali Hausar nake yi. In na fito da zanena abin ya ƙara lalacewa. Wani ya ce injin taliya ne, ya kwatanta mana layin masu kayan girki. Wani ya ce tarkon gafiya ne, kuma yana da wanda ya fi shi. Kawu ya fara cewa ko dai Baturen nan aljani ne. Sai a rana ta uku muka faɗa rumfar wani mutum mai suna Ɗanlami, gajere mai furfura a gemu, zaune a tsakiyar tulin ƙarafa. Ya dubi zanen sau ɗaya ya ce, "Shakazoban sirdi kake nema. Wa ya zana maka wannan, makaho?"

Ya tono guda biyu. Ɗaya mai gwiwa ce, in an danna sai ta lanƙwashe baya kamar raƙumi zai durƙusa. Ɗayar miƙaƙƙiya ce, sama da ƙasa kawai take yi. Ya ce mai gwiwa ta fi daɗi amma tana da haƙora da yawa da yashi zai ci, in ƙauye za a kai gara miƙaƙƙiyar, a riƙa shafa mata man giris. Na zaɓi miƙaƙƙiya. Ya ce ina awo. Na zaro fatar nan daga aljihu da alfahari. Kwana huɗu tana shan gumina, ta saki ta ƙara tsawo, ni da nake baduku ban tuna fata na yin haka ba. Ɗanlami ya riƙe ta da yatsa biyu ya ce in wannan ne awon, to ba keke ba ne, turmi ne. Ya ba ni shawara in ɗauki siririya, in ta yi lako-lako in yanko gwangwani in naɗa mata, don siririya tana da magani, mai kauri kuwa ba ta da shi.

Sannan ya ce, "Saura babban abu. Mai hawan, ka san nauyinsa?"

Na ce, "Mahaifina ne. Ina jin nauyinsa ƙwarai."

Ya ce, "Madalla. Nawa ne?"

Na ce, "Ai ba ya misaltuwa. Ko ido ba na iya haɗawa da shi."

Ɗanlami ya ajiye ƙarfen ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, ɗan naka lafiyarsa ƙalau?" Sai da Kawu ya gama dariya ya share hawaye sannan aka fahimtar da ni kilo ake tambaya. Ɗanlami ya kwance sandar ya nuna mini cikinta. Rasor iri biyu ne, ja mai tauri na manyan mutane, da rawaya mai laushi. A gindin sandar kuma akwai noti da ake juyawa da ɗan makulli mai kusurwa shida: ka ɗaure, ta ƙara tauri, ka sassauta, ta yi laushi. Ya ce ƙa'idar ita ce in mai keke ya zauna, sirdin ya nutsa kamar faɗin yatsa ɗaya. In ya wuce haka zai riƙa dukan ƙasa, in bai nutsa ba kuwa ka sayi sandar banza.

Wa ya taɓa ɗora ubansa a kan sikeli? Na ce ni dai na san Baba ƙaƙƙarfa ne, in ya shigo zaure sai ya cika ƙofa. Kawu, wanda rabonsa da Baba tun bikin Rabi, ya ce ƙwarai kuwa, ai shi ne mutumin da ya taɓa ɗaga jaki daga rami shi kaɗai. Ɗanlami ya ce to mu nemo mai irin jikinsa a gwada.

Haka muka shiga kasuwa, ni da Kawu, muna auna bayin Allah da ido. Wannan ya cika tsawo. Wancan kafaɗar ta yi amma ba ciki. Wani ya lura muna bin sa muna nuna ƙugunsa, ya dafe aljihu ya ƙara sauri. Daga ƙarshe muka tsaya a kan wani mai goro, babban mutum cikin babbar riga, yana zaune ya cika benci. Kawu ya yi masa sallama ya ce, "Alhaji, alfarma muke nema. Jikinka muke so ka ara mana." Mutumin ya ce a'uzubillahi. Da aka yi masa bayani cewa don wani tsoho ne mai ciwon baya a Damagaram, sai ya tashi ya bar wa maƙwabcinsa goron, ya ce in don mahaifi ne ko ɗaukarsa za mu yi a kai ya yarda.

Ɗanlami ya ɗaura sandar a wani keke. Mai goro ya tattare riga ya hau, da rawayan rasor a ciki, sirdin ya tafi ƙasa gaba ɗaya ya buga ƙwal. Aka sa ja. Aka zare sandar, aka ɗaure noti, aka mayar, ya hau, aka sake zarewa, har sau biyar, mutane sun taru kowa na ba da shawara. A na ƙarshe sirdin ya nutsa faɗin yatsa daidai. Mai goro ya ce bari ya ɗan taka ya ji. Ya tafi bai dawo ba sai da muka fara tunanin an yi mana sane da keken mutane, sai ga shi yana murmushi, ya ce rabonsa da keke shekara ashirin, kuma a gaya wa tsohon yana gaishe shi. Da za mu tafi Ɗanlami ya jefa mini rawayan rasor ɗin a jaka ya ce gyara ne, na mata da yara ne, ko wata rana jika zai hau. Na so in ce ya bar shi, nauyin jaka kawai zai ƙara mini.

A hanyar dawowa mutanen duwan ɗinmu, masu binciken kaya a iyaka, suka zazzage jakata. Babbansu ya ɗaga sandar ya leƙa raminta da ido ɗaya ya ce, "Wannan bakin bindiga ne ko famfo?" Na ce ko ɗaya. Na kafa ta a ƙasa na ɗora tumbina a kai, ta nutsa ta dawo. Ya sa na sake. Ya kira abokan aikinsa na sake. Sannan ya ja ni gefe ya rage murya ya ce shi ma bayansa ya ishe shi da zaman benci, ko ana iya ɗaura irinta a kujera? Na ce in na koma zan tambayo masa.

Ban tsaya Zindar ba, na zarce ƙauye. Na iske Baba ya tafi jana'iza da ƙafa, keken na jingine a zaure. Na zare tsohuwar sandar, na sa sabuwa, ta yi lako-lako kamar yadda aka faɗa, na yanko gwangwanin tumatir na naɗa mata ta kama gam. Na ɗaura siririn zaren fata a jikinta don in ga iyakar inda za ta nutsa. Da Baba ya dawo na durƙusa na gaishe da takalminsa. Ya ce, "Rabi, me wancan ya yi wa kekena?" Rabi ta yi masa bayani. Ya kama ƙahon keken ya hau.

Sirdin bai motsa ba.

Na ce a raina mai goro ya fi shi kaɗan ke nan. Na sa Rabi ta roƙe shi ya sauka, na zare sandar, na sassauta noti zagaye biyu, na mayar. Ya hau. Zaren fatar na nan inda na ɗaura shi. Na sake, na sake, har notin ya kai ƙarshe. Gumi ya rufe ni, na fara zagin Ɗanlami a zuci, na ce Kanawa sun sayar mini da mataccen ƙarfe. Don in tabbatar na ɗora hannu ɗaya a kan sirdin na danna, sai ya tafi ƙasa sumul.

A nan ne na ɗaga kai. Shekarata arba'in da wani abu, ran nan na fara duban mahaifina tun daga sama har ƙasa. Riga biyu ce a jikinsa, ɗaya kan ɗaya, cikin wannan zafi. Wuyansa ya fito daga cikinsu siriri, hular ta yi masa yawa ta sauko har kunne. Hannun da ke riƙe da ƙahon keken, da yatsa biyu zan iya zagaye shi. Mutumin da na je na auna a Kano ya daɗe da barin gidan nan, ni kuwa ina zuwa ina gaishe da takalmi ina komawa. Kunya ta kama ni, ba irin wadda na saba ji a gabansa ba, sai kuma tsoro.

Baba ya kau da kai ya ce, "Rabi, gaya masa ya yi daidai. An gode." Ya sauka ya shige ɗaki.

Na ja Rabi bayan rumbu na ce ina hatsin da nake aikowa. Ta ce, "Yaya, ka taɓa ganin wanzamin da ke fita da zabira cike ya dawo da ita ba komai? Mutanen da yake yi wa aski shekara talatin, a da su ke ba shi hatsi. Bana shi ke kai musu, tiya-tiya, a ƙarƙashin asake. Shi ya sa ba zai bar keken ba. Ya ce in na gaya maka bai yafe ba." Na ce ai da ta yi mini ko da alama. Ta ce, "Ba ka tambaya ba. Ba ka kuma duba ba."

Na koma zaure na zazzage jakata, rawayan rasor ɗin ya faɗo. Na cire jan na sa shi, na bar notin a sake gaba ɗaya. Da la'asar Baba ya fito zai tafi zagayensa, ya hau, sirdin ya nutsa faɗin yatsa ɗaya daidai. Ya bi ta kan gargadar ƙofar gida, na ga keken na tsalle shi kuwa yana zaune abinsa. Ban gaya wa kowa cewa na mata da yara ne ba, sai yanzu da nake rubutawa, kuma Baba ba ya karatun boko.

Tun daga ranar buhu biyu nake kaiwa, da kaina, duk ran kasuwa ta biyu. Ɗaya na zabira ne, ba ruwan kowa da inda yake zuwa. Ɗayan yana ɗakin Rabi a kulle, ita ke tuƙa masa tuwo, kuma ba ta ɗauke kwano sai ta ga gindinsa. In na je nakan ce zan shafa wa sandar giris, in duba zaren fatar. In ya nuna sirdin ya fara wuce faɗin yatsa, sai in zare in ɗaure notin kaɗan. Wata na fari ban taɓa shi ba. Daga baya na samu zagaye ɗaya, sannan biyu. Ina tsammanin ba wanda ya san abin da nake yi.

Zuwana na ƙarshe ina tsugune a zaure da ɗan makullin a hannu, sai na ga takalmin nan ya tsaya a gabana. Baba ya ce, "Rabi, tambayi wancan, me sikelin nasa ya ce yau?"

Na waiga. Rabi ba ta gidan, tun hantsi ta tafi neman ruwa. Daga ni sai shi.

Na ce, "Rabi, gaya wa Baba an samu ƙarin rabi."

Ya dubi sirdin. Sannan ya ce, "To ki ce masa kada ya yar da jan. Ya adana mini shi."

Yana nan cikin akwatin kayan aikina, na naɗe shi a fata.